Sha Biyun da Ke Kafaɗar Goma

Haruna mutum ne da in ka ce masa an yi ruwa a Safo, sai ya tambaye ka ko kai ka jiƙe. Ba mugu ba ne. Ya dai haura arba'in yana noman gero da wake a ƙauyensu na gefen tabkin Madarunfa, da rani ya ɗora ƴan buhuna a amalanke ya kai Ɗan Isa, kuma tsakanin gona da bakin iyaka an cuce shi cutar da ta ishe shi. Tun daga nan ya daina sayen magana sai ya ƙwanƙwasa ta kamar tukunya.

Ƙanensa Isma'ila, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne birgadiyen gari, wato wanda sabis ɗin gona ya koya wa feshin maganin ƙwari, aka ba shi famfo mai aiki da pil irin na rediyo. Gidansu ɗaya, gonar gado ɗaya, ba su taɓa raba komai ba. Isma'ila bai da yawan magana, kuma rashin maganar nan ita ta fi damun Haruna, don ya san mai surutu ba ya iya ɓoye abu.

A daminar da ta biyo bayan karyewar darajar kuɗin sefa, gero ya yi kyau, ya zubar da bununi, ido ya fara zama. Sai fara ta sauka. Ba irin wadda ke rufe rana ba, ƙananan nan da ke tashi daga ciyawa su hau kan gero su yi ta gwagwiya. Isma'ila ya tafi Madarunfa ya dawo da ƴan bido, wato jarkoki, a kan jaki. Ya ce sabon magani ne, wani furoje na taimakon manoma ya kawo. Ya fesa a gonarsu da gonakin maƙwabta, bido guda ga kowace ekta.

Maganin da aka sani, in an fesa da safe, kafin la'asar fara ta zube kamar ganyen kaka, warinsa kuma har cikin gari. Wannan ba wari, sai ɗan ƙamshin mai. La'asar ta yi, fara na cin gero. Gari ya waye, tana ci. Aka sake kwana, aka sake, tana nan ko atishawa ba ta yi ba.

Haruna ya tare ƙanensa a bakin rumbu.

"Isma'ila, mi ka fesa muna?"

"Magani, Yaya."

"Wane irin magani ne fara ke sha ta ƙara ƙiba?"

"Sun ce ba guba ba ce. Ciwo ne. Wasu ƴan ƙwayoyi ne a cikin man, in sun taɓa ta su shige jikinta su tsira, ta yi jinya ta mutu. Sai an yi haƙuri."

"Ciwo," in ji Haruna. "Kai ka taɓa ganin an ɗura ciwo a bido?"

Isma'ila ya ce shi ma haka aka faɗa masa, ya wuce.

Da abin ya tsaya nan, da Haruna ya haɗiye. Sai ga Isma'ila cikin kwanakin nan ya shigo gida da keke. Ba sabo ba ne, amma da ƙararrawa, da fitila, sarƙa na sheƙi. Haruna ya tambaye shi ina ya samu. Ya ce saye ya yi. Bai ƙara ko kalma ba.

Haruna kuwa ya san Ɗan Isa kamar tafin hannunsa. Ya san rumfar da ake sayar da maganin fara a kwalabe marasa suna, kuma duk mai hankali ya san ba daga sama yake faɗowa cikin kwalaben ba. Wani ake bai wa don garinsu, ya karkata da shi. Ya zauna ya jera abubuwa a ransa: magani ba wari, fara ba ta mutu ba, keke ya shigo gida. Kowanne shi kaɗai ba komai ba ne, amma uku sun yi yawa.

Ya je bayan ɗakin Isma'ila ya ɗauko bido ɗaya da ya ƙare. Rubutun jikinsa faransanci ne, ba ya jin ko ɗigo. Amma lamba ba ta ɓace masa, don ya yi rani guda a karatun manya, ya san alamar sau, ya san ta tarawa. Can ƙasan takardar da aka manna ya ga biyar, da alamar sau, da goma. A saman goman, wajen kafaɗarta ta dama, an liƙa wata ƴar sha biyu ƙarama, kamar ƙuda ya sauka a kafaɗar mutum.

Ya kira ƙanensa ya nuna masa da farce.

"Wannan fa?"

"Yawan ƙwayoyin da ke ciki ne. Haka mutumin sabis ya ce."

"Nawa ke nan?"

"Ya ce da yawa."

"Ni ban san wata lamba mai suna da yawa ba."

Haruna ya yi lissafinsa a ka, yadda yake yi a kasuwa. Goma sau sha biyu, ɗari da ashirin. Sau biyar, ɗari shida. Ya sake bi ta baya, ɗari shida ta fito. Ya dubi gonar da ke hange daga ƙofar gida, inda farar da ke kan kunya ɗaya ta fi ɗari shida.

Da yamma ya tafi da bidon majalisar gindin iccen bedi, inda masu gonakin da aka fesa suke zaune kowa fuska ba daɗi. Ya ajiye a tsakiya ya karanta musu. Ɗan Baba, wanda ya yi shekaru yana canjin kuɗi a Ɗan Isa kafin ido ya hana shi, ya jawo bidon har bakin hancinsa.

"Haruna, ka ma yi musu alheri. Biyar ɗin nan ta ƴan boko ce. Ba ka san halinsu ba? Mu in mun ce dala ɗaya su ce faran biyar. Komai sai sun riɓa shi biyar. Cire ta. Ɗari da ashirin ne a bakinmu."

Aka yi dariyar da ba ta daɗi. Wani ya ce tau, kowace ƙwaya sai ta kashe fara buhu guda ke nan, ko ta zama soja. Wani ya ce ai gwamnati ba za ta aiko da wannan ba, an dai ba da na gaske ya ɓace a hanya. Ba wanda ya ambaci suna. Haruna ne da bakinsa ya ce, "Keke dai ya shigo gidanmu."

Magana zarar bunu ce. Kafin isha ta kai kunnen mai gari. Washegari ya aika aka kira su biyun. Isma'ila ya ce abin da aka ba shi shi ya fesa, kuma ba zai yi bayanin kekensa ga kowa ba, don bai sata ba. Mai gari ya ce tau, ba shaida ba mai gani, abin da ya rage rantsuwa ce, in mai zargi ya nema. Ya juya ga Haruna.

"Ɗan'uwanka ne. Kana so a ɗora masa Alƙur'ani?"

Haruna ya dubi Isma'ila yana jiran ya ce wani abu, ko da kalma ɗaya ce game da keken. Isma'ila ya kafe idonsa a ƙasa.

"A ɗora masa," in ji Haruna.

Aka sa bayan sallar Juma'a.

Matarsa Ɗelu, wadda ke kama fara da asuba ta dafa ta soya ta sayar a ƙofar gida, ta ajiye masa tuwo, ta zauna a gabansa.

"Malam, ka san abin da ka nema? In ya rantse kan ƙarya, kai ka kashe shi. In ya rantse kan gaskiya, ba shi ba kai har abada. Ni ban ga ta inda za ka ci riba ba."

"Lamba ba ta ƙarya."

"Lambar da ka koya rani ɗaya, rabinsa kana Ɗan Isa? Ka kai wa Mushe Al'amin mana ya duba."

Mushe Al'amin malamin lissafi ne a kolejin Madarunfa, yakan aiko a saya masa farar Ɗelu. Haruna ya yarda zai je, ba don yana shakka ba. So yake ya sami ɗan boko guda da zai ce ɗari shida a gaban mutane, don kada a ce jahilai ne suka taru suka yi wa yaro sharri.

Ya same shi a ƙofar gidan haya yana gyaran takalmi. Suka gaisa. Haruna ya miƙa bidon ya ce, "Mushe, ba na son bayani. Karanta mani wanga wuri kawai. Nawa ne?"

Mushe ya duba. "Miliyar dubu biyar."

Haruna ya karɓe bidonsa ya duba ko ya nuna wani wuri daban. Nan ɗin ne.

"Ni ɗari shida na samu."

"Ta yaya?"

Ya faɗa masa. Mushe bai yi dariya ba, kuma Haruna ya lura da haka, ya ajiye a ransa cewa watakila ladabi ne, watakila kuma an riga an zo an gan shi. Mushe ya share ƙasa da tafin hannu, ya tsuguna, ya ɗauki kara.

"Malam Haruna, ƴar ƙaramar nan ba a sau da ita. Mai ƙirga ce. Tana faɗa maka goma nawa za ka jera, kowace ta riɓa ta gabanta. In biyu ce a kafaɗar, goma sau goma."

"Ashirin."

"Goma biyu ashirin. Goma goma fa?"

Haruna ya ƙirga a yatsu. "Ɗari."

"Ɗari sifili nawa gare ta?"

"Biyu."

"Tau. In uku ce a kafaɗar, ɗarin nan sau goma, dubu, sifili uku. Abin da ta ce, shi ne yawan sifilin da za ka jera bayan ɗaya. Nan ta ce sha biyu, kuma biyar ce a gaba."

Ya rubuta biyar a ƙasa, ya fara jera mata sifili uku uku, yana ja da baya a tsugune, har lambar ta kai gindin tukunyar ruwa. Haruna ya bi su da yatsa ɗai ɗai. Sha biyu cif.

"In haka ne, don mi ba su rubuta ta haka ba?"

"Ina za ta shiga a jikin bido? Kuma mai kwafa ya manta sifili ɗaya, ya rage abu kashi goma bai sani ba."

"A'a, Mushe. Mai babban abu ba ya rubuta shi ƙanƙane ya rataya a sama inda ido ba ya zuwa. Ni duk takardar da aka taɓa cuta ta da ita, cutar a ƙaramin rubutu take."

"Wannan kam ban musa maka ba," in ji Mushe. "Amma gwada ni. Kawo taka lambar mu naɗe ta ka gani in wani abu zai ɓace. Tiyar gero ƙwaya nawa ce a ganinka?"

"Wa ya taɓa zama ya ƙirga?"

"Mu ce dubu ɗari uku. Ba ta yi nisa da haka ba. Rubuta."

Haruna ya karɓi karan. Hannunsa ya saba da hauya, uku ta fito kamar ƙugiya, amma ta fito. Ya jera sifili, ya ƙirga, biyar. Mushe ya ce ya share su ya sa alamar sau, da goma, ya ɗora mata biyar a kafaɗa. Ya yi. Mushe ya ce ya kwance ta kuma. Ya mayar da sifilin biyar, dubu ɗari uku ta dawo ba abin da ya ragu. Ya sake yi da kansa da wata lamba ba tare da an sa shi ba, yana neman inda dabarar za ta karye. Ba ta karye ba. Wannan ya ba shi haushi.

"Tau, ita waccan ta bido, gero nawa ce?"

Mushe ya ɗan yi zane a gefe. "In rumbu na cin tiya dubu, rumbu dubu goma sha shida da wani abu."

Haruna ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa. Ya girgiza bidon, ba ko motsi a ciki.

"Rumbu dubu sha shida a cikin abin da jaki ya ɗauko guda huɗu. Mushe, da can ta yi kaɗan, yanzu ta yi yawa. Wa ya ƙirga su?"

"Akwai madubin da ake gani da shi. Ƙwayar ta fi ƙura ƙanƙanta."

"Kai ka gani?"

"Wannan dai ban gani ba. Na ga irinta a lakkwal, lokacin da nake karatu."

"Kuma lambar nan ta ce abin da aka zuba a ciki shi ne aka fesa mani?"

"A'a. Wannan ba ta ce ba. Ita abin da ta ce na faɗa maka. Ɗari shida dai ba ta nan."

A hanyar komawa, bakin tabki, Haruna ya yi ta juya maganar. Bai yarda da rumbu dubu sha shida ba. Bai yarda da madubi ba. Mushe ma ɗan albashi ne, su da mutanen sabis tukunyarsu ɗaya. Amma sifilin nan da hannunsa ya jera su, da hannunsa ya share, ba wanda ya riƙe masa kara. Ɗari shidan da ya tsaya a kanta a gaban mutane ta rushe, kuma shi ya san ta rushe. Abin da ya rage masa keke ne da shirun Isma'ila, su kuwa ba a ɗora wa mutum Alƙur'ani a kansu. Bai faɗa wa kowa ya je wurin Mushe ba sai Ɗelu, ita ma ce mata ya yi ƴan boko duk bakinsu ɗaya.

Ranar Juma'a da safe Ɗelu ta dawo daga kamun fara da buhu kusan wofi. Ta zazzage a gabansa. Rabinsu matattu ne, sun sandare, jikinsu ya yi ja kamar an shafa musu jan ƙasa. Masu ran ma ba sa tsalle.

"A jikin kara na ɓamɓaro su, sun mutu a maƙale. Ni ba ni soya wa mutane wannan."

Haruna ya ɗauki ɗaya ya juya. Ya tafi gonar da kansa. Gero ya ciwu, kai da yawa sun zama tsinke, wannan ba ya dawowa. Amma ƙarar gwagwiyar nan ta ragu, kuma ga jajayen gawarwaki a kan ganye. Ya tsaya yana tunanin ko dama lokacin mutuwarta ne ya yi. Ya yi tunanin ko an fesa rabi an sayar da rabi, shi ya sa ta daɗe. Duk wanda ya ɗauko a cikin tunanin nan, sai ya ga zai iya yiwuwa, kuma ba shi da abin kama shi.

Bayan an sauko daga masallaci mutane suka taru a ƙofar mai gari. Liman ya zo da Alƙur'ani a cikin gafaka, ya shimfiɗa buzu. Isma'ila ya sake alwala a gaban kowa, ya zo ya durƙusa. Mai gari ya ce mai zargi ya maimaita zarginsa.

Haruna ya ce, "Na janye."

Ɗan Baba ya ce, "Ka janye ɗari shidan ko ɗari da ashirin ɗin?"

Wasu suka yi dariya. Isma'ila bai tashi ba.

"Ranka ya daɗe, ni ban yarda ba. A gaban mutane aka ce ni ɓarawo ne. In ya janye haka, gobe a ce yayansa ne ya rufa masa asiri. Malam, buɗe. Zan rantse."

Liman ya dubi mai gari. Mai gari ya ce hakkinsa ne in yana so. Liman ya fara kwance igiyar gafaka. Isma'ila ya miƙa hannun dama.

Haruna ya taka buzun da takalminsa, abin da bai taɓa yi ba, ya kama wuyan hannun ƙanensa ya riƙe.

"Ba rufin asiri ba ne. Ni na karanta lambar ba daidai ba. Ba ɗari shida ba ce. Biyar ce da sifili sha biyu a bayanta. Na je an nuna mani, na yi da hannuna. Ban iya ba na ce na iya. Wanda duk ya ji daga bakina, ya mayar mani da abina."

"Keken fa?" wani ya ce daga baya.

"Keke nasa ne. Ban sani ba, kuma ban da shaida," in ji Haruna.

Isma'ila ya ɗago ya dube shi. Ya ji "ban sani ba" ɗin, kowa ma ya ji. Haruna zai iya cewa na yarda da shi, kalma huɗu, amma bakinsa bai taɓa faɗin abin da bai tabbatar ba, yau ma ya ƙi.

"Sakar mani hannu, Yaya."

"Sai Malam ya ɗaure gafaka."

Isma'ila ya fizga, Haruna ya ƙara damƙa. Suka tsaya haka, manyan mutane biyu, ɗaya a durƙushe ɗaya a sunkuye, har liman ya mayar da igiya ya ɗaure, ya rungume gafakar a ƙirjinsa ya ce Allah ya sawwaƙe. Sannan Haruna ya saki. Shatin yatsunsa ya fito a hannun ƙanen.

Mai gari ya ce magana ta mutu, kada ya sake jin ta a majalisa. Mutane suka fara neman takalmansu. Isma'ila ya tashi ya yi wa mai gari da liman sallama, bai dubi kowa ba, ya kama hanyar gida. Haruna ya biyo shi a baya. Hanyar ɗaya ce, ƙofar gidan ma ɗaya. Isma'ila bai ƙara sauri ba, bai kuma tsaya jiransa ba.